Yadda Mama Edith Ta Gwada Bakin Talabijin

Mama Edith, maƙwabciyata a Unguwar Boro, tsohuwar ungozoma ce, kuma jigo a Zumuntar Mata ta cocinsu. Tun rasuwar mijinta falonta ya zama ma'ajiyar sirrin matan unguwa. Mai kuka da miji da mai ƙorafin suruka duk can suke zuwa, domin abin da ya shiga kunnenta ya shiga rijiya.

Da ɗanta Sam ya ce zai saya mata talabijin na zamani, mai haɗuwa da intanet, mai jin umarni da baki, sai mata suka ɗauke ƙafa. Peace, mai ɗinki, ita ta faɗa mata dalili.

"Mama, abin da ke jin 'canja tasha' ai zai ji maganar mijina. Ina zai kai ta?"

Mama Edith ta ga mutuncin da ta daɗe tana ginawa zai rushe. Ta tafi shagon Mustapha mai sayar da talabijin da ke Nasarawa, ni kuwa na raka ta a matsayin shaida.

"Wanne ne a cikinsu ba ya gulma?" ta tambaye shi.

"Mama, ai duk ana iya kashe musu kunne."

"Ɗana, na karɓi haihuwar mutane da yawa. Mai kunne ba ya rasa baki."

Sai ta shirya jarrabawa, wadda a matsayina na tsohon shugaban makaranta na yaba da tsarinta. Za ta raɗa wa kowane talabijin magana dabam, sa'an nan ta koma gida ta jira wadda za ta fito. Ta sunkuya ga na farko ta ce Baba Matthew, tsohon direban jirgin ƙasa, yana neman aurenta. Ta ce wa na biyu za ta sayar da gidanta ta koma Kafanchan. A gaban na uku ƙarya ta ƙare mata, domin ba sana'arta ba ce, sai ta ce, "Matar ɗana mutuniyar kirki ce."

Wajibi ne in ambata cewa kunnen Mama Edith ya yi nauyi, raɗarta kuwa ana jin ta daga bakin titi. Mustapha da masu ciniki suna tsaye.

Kafin ranar Lahadi dillalai sun fara auna katangarta da ido. A coci kuma aka tarye ta da guɗa.

"Amarya! Ashe jirgin Baba bai daina aiki ba!"

"Kun ji ko?" in ji ta. "Na farko da na biyu sun faɗi."

Maganar kirkin surukarta kuwa, har unguwar Kamazou aka bincika, babu mahalukin da ya ji ta. Mama Edith ta sa aka sayi na uku, ta bayyana sakamakon a taron Zumunta, mata suka gamsu. Peace ce ta fara dawowa, ta zauna dab da talabijin ɗin, ta zazzage cikinta.

Saura Baba Matthew. Ya zo cikin kaftani mai guga domin ya ƙaryata zancen auren. Aka ba shi kunu, aka kunna masa labarai. Har yau kullum da yamma yakan zo ya sake ƙaryatawa, kuma an riga an ware masa kujera.