Garin da Gabas Take Arewa

Da 'yata ta fari ta karɓi aikin jinya a wani gari can ƙarshen Alaska, bakin tekun ƙanƙara, mahaifinta ya daina ɗaga wayarta. Bai yi faɗa ba, bai zage ta ba. Ya dai ce asibitocin Largo, inda muke zaune, da na Washington ba su ƙare ba, da za ta kwashi ƙafa ta tafi inda rana ke ɓuya wata biyu, in ta fito kuma ta ƙi faɗuwa. "Garin da ba gabas ba yamma," in ji shi. "Ina za ta duba ta yi salla? Yaushe ma za ta yi?" Wata huɗu wayarsa na kuka a kan tebur da sunanta a jiki, yana kallo har ta gaji ta yi shiru.

Matan garinmu ma ba su bar ni na huta ba. A wani suna a Hyattsville wata ta dafa ni, ta ce, "Sai haƙuri, Hajiya. Yaran nan in sun yi nisa, shi ke nan." Na yi mata murmushi, amma ji na yi kamar in juye mata kwanon miya a kai. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ni ma tsoron nan yana cikina.

Shekara ashirin da shida ina ƙasar nan ta Turawa ban taɓa hawa jirgin sama ni kaɗai ba. Fasfo da tikiti kullum suna aljihun maigidana Alhaji, ni nawa bin bayansa da jaka. Amma a watan Yuni na ce masa zan je in gani da idona. Na ɗaure kuka da yaji, na naɗe daddawa a leda uku don kada ta tona min asiri a jirgi, na sayi kilishi wajen wani ɗan Nijar da ke yin sa a Hyattsville. Alhaji ya kai ni filin jirgi. Sai da na sa ƙafa waje ya ce, yana kallon sitiyari, "Ki duba min."

Jirgi uku na hau. A Seattle na yi gudun da rabona da irinsa tun ina firamare, mayafi na neman tashi, jaka na bugun ƙafata, amma na samu ƙofar. A Anchorage na zauna na ci kilishi ina jin kaina, har na fara tunanin ashe duk shekarun nan Alhaji allon sanarwa kawai yake karantawa. Jirgi na ƙarshe ne ya kashe min baki. Na leƙa taga, ba hanyar mota, ba bishiya ko ɗaya, sai fili da kududdufai iyakar ganin ido. Mota ba ta zuwa garin nan, sai ta sama.

Ina sauka iska ta mare ni. Yuni fa! Ga 'yata cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, hijabinta na leƙowa ta ƙarƙashin hula. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira, amma ranar na ajiye kunya na rungume ta a gaban mutane. A hanya na ga gidaje a ɗage kan ƙafafu kamar rumbunan ƙauyenmu. Ta ce ƙasar a daskare take, in gida ya zauna a kanta ɗuminsa zai narkar da ita ya nutse. Ta nuna min teku, fari fat da ƙanƙara. "Umma, nan ce arewa ta gaske. Daga wannan ruwan sai ƙarshen duniya."

Ɗakinta ƙarami ne, taga ɗaya, tana kallon tekun. Idona bai tsaya kan gado ko tukunya ba, darduma nake nema. Na gan ta a shimfiɗe, na yi hamdala a zuci. Sai kuma na duba da kyau. Dardumar tana fuskantar taga, wato teku, wato arewa, da bakinta ta gaya min. Mu kuwa tun muna yara salla gabas ake dubawa. Ko mutum za a yaba wa ibada, cewa ake yana duban gabas. Ko a Largo da muke ɗan karkata hagu, gabas muke kiranta. Na ce a raina, wayyo, yarinyar nan shimfiɗa ta yi don zuwana, ko inda ake dubawa ta manta.

Da ta fita aiki washegari na juya dardumar dama, na kalli bango na yi sallolina. Ta dawo ta mayar da ita taga. Ta fita na sake juyawa. Kwana biyu muna wannan yaƙi, muna cin tuwon semo da miyar kuka, kowa na yi wa kowa sannu.

Rana ta uku ta kama ni da dardumar a hannu.

"Umma, don Allah me dardumar nan ta yi miki?"

"Ke zan tambaya. Teku kike yi wa salla? Gabas fa ake dubawa."

Ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Raina ya ɓaci. Na ce, "Jirgi uku na hau don ki yi min dariya?"

"Sori, Umma, yi haƙuri. Zauna ki gani."

Ta ɗauko lemo, ta ciro zare daga gwangwanin ɗinkinta. Ta ɗiga biro kusa da hancin lemon ta ce ga mu nan. Ta juya bayansa, ta ɗiga wani a ƙasa ta ce ga Makka. Ta ba ni zaren ta ce in haɗa su ta hanya mafi kusa. Na bi ta gefe, ta gabas, zaren ya yi sako-sako. Na ja shi ya miƙe, sai ya zame da kansa ya haye ta kan lemon. Na sake gwadawa, don ni ba a ka da ni a zagaye ɗaya. Ya sake hayewa.

"A nan alƙibla arewa take," ta ce. "Kuma ba ni na ƙirƙiro ba. Abba ne ya koya min da ƙwallon taswirar nan ta falo, ina 'yar shekara tara, ranar da na tambaye shi me ya sa muke karkata hagu."

Sannan ta yaye dardumar gaba ɗaya. A kan kafet ɗin ɗakin ga gurbin gwiwoyi biyu sun lotsa, suna kallon taga. Wannan ba aikin kwana uku ba ne. A jikin firij kuma ga takardar lokutan salla, ta wani gari da ke kudu inda rana ke faɗuwa, yadda wani malami ya ce mata ta bi. Gefen takardar har ya yi baƙi don taɓawa. Kwana uku ina buɗe firij ɗin nan ina ɗaukar madara ban karanta ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na daɗi da na kunya haɗe. Ni da na zo duba sallar wata, ni ce na kwana biyu ina kallon bango.

Da la'asar muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muka dubi teku. Bayan nan garin ya yi min daɗi. Na taka har bakin ruwa, na tsaya kusa da haƙarƙarin wani kifi da ya fi ƙofar gidanmu tsawo, na tsoma yatsa a inda ƙanƙara ta narke don in samu abin faɗa. Wata tsohuwa maƙwabciyarta, 'yar asalin garin, ta kawo min busasshen kifi, na ba ta kilishi. Yaji ya sa ta tari har da hawaye, ta kuma miƙo hannu a ƙara mata. Ta ce min 'yata tana da hannu mai sauƙi wajen allura.

Na dawo Largo ni kaɗai, jirgi uku, ban tambayi kowa hanya ba. Alhaji ya ɗauko ni, bai yi tambaya ba, ni ma na ƙi ba shi labari a arha. Da muka shiga gida, ko mayafi ban cire ba na sauko da ƙwallon taswirar daga kan kabad, na goge ƙurarta, na ajiye a gabansa. Na miƙa masa zaren, wanda na ƙulle a bakin gyalena tun daga can.

"Injiniya," na ce, "nemo mata gabas."

Ya sa tabarau. Ya dafe yatsa a ƙarshen Alaska, ya ja zaren zuwa Makka, zaren ya haye ta saman ƙwallon. Ya tambaye ni, idonsa na kan zaren.

"Wa ya nuna mata wannan?"

"Ta ce wani mutum ne, tana 'yar shekara tara. Ga kuma inda gwiwoyinta suka ci kafet." Na ajiye masa hoton da na ɗauka a wayata.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sai ya laluba aljihu ya ciro tasa wayar. Bugu ɗaya aka ɗauka. Daga inda nake tsaye na ji muryarta ta ce, "Abba?"

Ya yi gyaran murya har sau biyu. "Uwata," ya ce, "kin yi azahar?"