Kazar da Kakana Ya Ƙi Yankawa

Har yau in na ji kukan kazar da aka danne wa fukafukai, sai in tuna zauren gidanmu na Fakku da tsohon da ke zama a cikinsa. Kakana ne na wajen uba. Ya je yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo lafiya lau, amma tun daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa da wuƙa. Ko ranar layya liman yake kira ya yanka masa ragonsa, shi kuwa ya zagaya bayan rumbu sai an gama.

Kun san mutanen gari da baki. Wasu suka ce kisan da ya yi ne ya yi yawa, jini ke bin sa. Wasu suka ce ina, matsoraci ne, ko harsashi ɗaya bai harba ba. Ni abin ya fi ci wa rai, domin kwano ɗaya muke cin tuwo da shi, yana tsokanata wai ni ce uwargidansa da ba ta iya miya ba. Da surutun matan bakin rijiya ya shiga kunnena, sai na fara kallon hannunsa duk lokacin da ya kai loma. Na fara cewa na ƙoshi. Ina son tsohon nan ƙwarai, amma ina so in san da wa nake haɗa hannu.

Wata damina, gero ya kai gwiwa, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, muka yi baƙi daga Dogon Daji. Maza duk suna gona, kuma a wurinmu mace ba ta yanka. Inna ta ɗaure kaza ta miƙo mini, ta ce in nemo namiji a unguwa, kada in bi ta zaure. Ta zauren na bi, da gangan.

Na ajiye kazar da wuƙar a gabansa. Ya dube su, ya dube ni.

"Uwargida, wa ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina. An ce ka kashe mutane."

Ya kau da kai daga wuƙar. Sannan ya ce, "Na kashe. Kafin mu tafi sai da anka zaunar da mu, anka ce muna waɗancan ba mutane ba ne awa mu. Munka yarda. Su ma can haka anka ce musu. Ranar farko ina jiran hannuna shi yi rawa, bai yi ba. Na ci abinci na ƙoshi. Wanga hannu ban yarda da shi ba, shi ya sa ba ni ba shi wuƙa."

Wani maƙwabci ne ya yanka kazar. Da yamma aka kawo tuwo, tsohon ya ƙi duban inda nake, bai tsokane ni ba. Na matsa na sa hannu a kwanon. Na ci, amma tsoron bai bar ni ba.

Yanzu ina aikin asibiti a Tambuwal, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. 'Yan bindiga sun hana danginmu na Kebbe noma, kuma ba na wanke su ko kaɗan. Sai dai waccan maganar ta dawo, a mota, a kasuwa, har a bakin masu ilimi: ai ba mutane ba ne. Duk mai faɗinta ina yi masa kallon biyu.

Kwanan baya wata abokiyar aikina ta nuna mana bidiyo a waya, an kama wani wai ɗan bindiga ne ana jibga, yana rantsuwa shi makiyayi ne kawai. Ba wadda ta san gaskiyarsa a cikinmu. Sai na ji wata ta ce, "Su ƙara masa." Muryata ce, kuma hankalina kwance na faɗa. Tun ranar nake sa wa kaina ido.