Mai Jan Biro a Hasumiyar Jirage

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin ta ajiye jaka sai ta jawo takardar jiragen da za su tashi da sauka a ranar, ta zaro jan bironta. Aikinta zama a hasumiyar filin jirgin sama, tana yi wa matuƙa jagora ta rediyo. Duk jirage biyun da lambar kiransu ta yi kama, sai ta zagaye su da ja, ta ce, "Ga tagwayen yau." Da haka abokan aiki suka laƙaba mata Mai Jan Biro.

Ba tsirfa ba ce. In tagwaye suka haɗu a sama, umarnin da aka ba ɗaya sai ɗayan ya ɗauka nasa ne, jirage biyu su nufi hanya ɗaya. To akwai wani kamfani mai jirage biyu masu lamba 417 da 471, ɗaya na shirin sauka daidai lokacin da ɗayan zai tashi. Wasiƙa goma sha ɗaya ta rubuta a canza lamba ɗaya. Ko kallo ba ta ishe su ba. Sai ta kafa tata doka: muddin na sama bai taɓa ƙasa ba, ɗan'uwansa ba zai motsa ba.

Waɗanda ke wurin sun ce wata rana shugaban sashe ya hawo da kansa yana huci.

"Baiwar Allah, fasinja ɗari biyu na ta gumi a ciki. Saki jirgin nan!"

"Ranka ya daɗe, ɗan'uwansa na sama. Sai ya sauka."

"Kujerar nan fa ba gadonki ba ce."

"Na sani. Amma yau ni ke kanta."

Jirgin ya jira minti tara, ita kuma ta sha takardar gargaɗi. Sau uku ana ƙarin girma ana tsallake ta, har waɗanda ta koya wa aiki suka zama shugabanninta. Abin ya ci mata rai, ba ta ɓoye ba, amma ba ta lanƙwasu ba. Sai a shekara ta shida da fara wasiƙunta kamfanin ya canza lambar, shiru, ba ko sannu.

Ke ce aka kira fitinanniya don kin ƙi yin caca da ran mutanen da ba su san da ke ba. Ba ki da wani hatsarin da za ki nuna ki ce kin hana, shi ya sa ba a yaba miki ba. Ƙi-faɗi uwar tagwaye, mun gode!

Makon jiya ta yi ritaya. An taru a ƙasa don sallama, shugaba riƙe da jawabinsa, aka neme ta aka rasa. Ashe tana sama, ta hango sababbin tagwaye a jadawalin wata mai zuwa, tana rubuta wasiƙa. Minti tara cif ta bar su a tsaye.

Ku da kuka gaji kujerar, bironta na nan a kan tebur. Wani ya ɗauka.