Zakaran da Aka Lulluɓe da Bargo

Muna yara a ƙauyenmu na gefen Bunkure, da an idar da sallar isha'i sai kakata Iya ta hura wuta da karan masara, ta tura dankali cikin toka, kwaɗin kanal ɗin ban-ruwa na ta kuka a bayan gida. Takan harare ni ta ce, "Matso, maigidana. Miji ba cefane, sai cin dankali!" Sannan ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso mu sha labari.

Wai wani mai gari ne ya saka zakara ɗaya tilo na garin a akurki, ya lulluɓe da bargo, ya ce gari ba ya wayewa sai ya yaye da hannunsa. Ran nan ya yi tafiya. Rana ta take tsaka, mutane na kwance a ɗaka suna gumi wai dare ne, shuka tana ƙonewa. Sai wata tsohuwa ta shiga ta fizge bargon. Da mai gari ya dawo yana huci, a nan Iya kan ɗaga haɓa ta ce da muryar tsohuwar, "Ranka ya daɗe, ga zakaranka, ga akurkinka. Gari ne ya waye, ba ni na wayar da shi ba!"

Yanzu ni ke kula da kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman rani. Ita ke tura wa kowa saƙo a waya idan layin ban-ruwansa ya zo. Da an ɗauke wuta sai agogonta ya koma baya, a da kuwa an hana ni taɓa shi, sai injiniyan da ke birni mai kalmar sirri. A ranin bara saƙon Baba Bulus, mutumin Filato mai noman tumatir, ya isa bayan an rufe ƙofar ruwa. Baba Bulus ya zo ya ajiye mini dashen da ya yi yaushi a kan tebur, ya ce, "Ɗana, in na ƙara rasa layi, bana ta wuce ni."

Wallahi raina ya ɓaci. Na kira injiniya, ya ce doka ce, kada wani ya matso da layin ɗan'uwansa. Na ce, "Yallaɓai, riƙe makullanka duka. Agogo kaɗai za ka buɗe mini, da wurin da yake daidaita kansa da intanet. In ka ƙi, zan kashe kwamfutar in hau babur, in bi gona-gona ina faɗa da baki." Ya ce aikina nake wasa da shi. Na ce na ji, na kashe ta, na hau babur. Kafin mako ya zagayo ya buɗe mini, kuma tumatirin Baba Bulus ya rayu.

Da ina yaro, mutanen da ke gumi a ɗaka nake yi wa dariya. Ashe ni ma na daɗe a cikinsu, ina ganin ainihin lokaci a agogon bango ina jiran izinin gyara na kwamfuta. Iya ta rasu ba ta taɓa ganin kwamfuta ba, amma duk safiyar da na gyara agogon nan, sai in ji kamar tana cewa, "Yauwa maigidana, yau kam ka yi cefane."