Kusar da Ke Narkewa a Ƙafata

A da, in likita ya sa wa mutum ƙarfe a ƙashi, ko dai ya shiga kabari da shi ko a sake tsaga shi a ciro. Ni shaida ne, don akwai wani a damtsena da aka sa mini a Jamus tun ina da baƙin gashi. Yanzu kuwa har akwai ƙarfen da ke narkewa a jiki, kuma ranar da na gwada ƙarfinsa a fadamar Argungu ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Santsi ne ya kwashe ni a gidana da ke unguwar Gesse a Birni, ƙashin bayan babban yatsan ƙafata ya karye. Yarana suka kai ni Alƙahira, aka haɗa ƙashin da ƙananan kusoshi biyu na wani ƙarfe da ake kira maganiziyam. Likitan ya yi mini bayani da Larabci, ya maimaita da Turanci: kusar za ta riƙa narkewa a hankali, ƙarfinta yana raguwa yayin da na ƙashi ke ƙaruwa, har ƙashin ya karɓi aikin. Kada in ɗora wa ƙafar nauyi sai ya ga hoto ya ba da izini, in ba haka ba yatsan zai iya sandarewa, ya daina lanƙwasuwa a sujada. Na gyaɗa kai cikin harsunan biyu. A zuci kuwa cewa nake, yaron nan ne zai koya mini ƙarfe? Ai ina ɗauke da na Jamus tun yana rarrafe.

Bayan 'yan makonni da dawowa ciwo ya ɗauke. Lokacin shinkafar rani ne, ga shi an ce injin ban ruwan gonata da ke fadama yana gardama. Na jingine sandunan da nake dogarawa a bayan ƙofa, na hau mota sai Argungu. Na naɗe wando na shiga laka ina nuna wa ma'aikata yadda na ga ana jera tiyo a Masar. Sai laka ta riƙe ƙafar, na fizgo da ƙarfi, na ji wani abu ya ce ƙas.

A kan amalanke aka fito da ni, ni da ragowar buhun taki. Da yake gidan taubashina ya fi kusa, kuma shi maɗori ne da ya gaji sana'ar, can aka sauke ni. Mutum ne da bai taɓa wuce Sakkwato ba, kuma na sha yi masa gorin haka. Ya dubi kumburin, bai ko taɓa ba.

"Bature, mi kac ce an sa maka ciki?"

Na fara yi masa lacca ina nishi. Ya katse ni.

"Wato shina narkewa. To ni karan ɗori daga waje nika ɗaure shi, in ya saki ina gani, in sake wani. Naka ciki yake, ba ka ganin ranar da yag gaji. Shi ya fara rauni, ƙashi bai ida ƙarfi ba, sannan kaz zaɓi shiga laka?"

"Ai ban ji ciwo ba," na ce.

"Jaki ma bai jin ciwo sai an sauke kaya. Wanga ba aikina ba ne. A kai shi Birni a ɗauki hoto."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, bayanin da likita ya yi mini da harsuna biyu bai shiga kaina ba, shi kuwa a jin farko ya gane, daga bakin mai nishi.

Hoton ya nuna kusa ɗaya ta karye, ƙashin ya goce. Aka yi mini tiyata ta biyu, wadda ake gudu tun farko. Na koyi cewa sanin abu ɗaya tun tuni yakan toshe wa mutum kunne daga jin sabo, kuma rashin ciwo ba warkewa ba ne. Ƙashin ya haɗu, amma yatsan bai sake lanƙwasuwa ba. Tun daga lokacin a kan kujera nake salla, a ƙarshen sahu.