Malama Zaituna, Mai Sauraron Yara a Adaidaita

Kullum idan an tashi 'yan makaranta, Malama Zaituna Umair takan fito bakin titin Shahuci ta tare adaidaita. Ba ta shiga wadda babu kowa, sai wadda ɗalibai suke ciki. Ta je Gwammaja ta dawo, ba ta sauka ko'ina ba. Ni direban adaidaita ne, karatuna bai yi nisa ba, amma ba na barin abin da ban gane ba. Da na tambaye ta, sai ta ce littattafan matasa take rubutawa, kuma ba ta sa wa yaro magana a baki sai ta ji yadda yake yin ta.

Shekara da shekaru tana wannan aiki, wasu maƙwabtanta ma ba su sani ba. Sai ranar da Alhaji Gwadabe mai shagon yadi ya kama 'yarsa Murja da littafin Malama, ya ce ita da karatun labari har abada. Ni na kai shi gidan Malama.

A soro ta same shi. Ya ce ta gaya masa abin da take cusa wa 'ya'yan mutane. Ba ta ɗaga murya ba, ta jera littattafan a tabarma. Wannan, in ji ta, labarin yarinya ce mai i'ina da aka tura muhawarar makaranta. Wancan aminai biyu ne da wayar aro ta raba. Na farkonta kuwa ɗan marina ne, mai ɓoye hannunsa a aljihu don kada 'yan aji su ga shuni.

"To babu soyayya ke nan?"

"Akwai, Alhaji. Ita ma Murja ta san akwai. Gara ta ji daga bakin uwa irina."

 Ashe Alhaji ma a bakin karofin rini ya tashi. Ya tambaya ko yaron labarin ya koma sana'ar ubansa. Ta ce wannan kam sai ya karanta. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ta ce ai yana da 'ya.

Yanzu Murja ce ke karanta masa bayan la'asar, yana katse ta yana yi wa yaron faɗa.

Bana ciwon ido ya sa Malama ta ajiye alƙalami. Ke ce kika saurari yaran da mu iyayensu muke cewa su rufe mana baki, uwar masu karatu. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka da alheri.

Ku kuma iyaye, ba sai kun iya rubutu ba. In yaronku ya fara magana yau, ku bari ya kai ƙarshe.