Baba Dung da Agogunan Dakota

Na'urar gano guba ta fara ƙara tun kafin Edna ta kai ta kan tebur. Da farko ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya, sai ƙarar ta haɗe kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Edna ce mai kula da lafiyar 'yan sa kai a ƙaramin gidan tarihin jirage da muke aiki a Virginia, kuma ranar ta dawo bayan jinyar wata biyu. Ta dubi agogunan gaban matuƙi guda goma sha ɗaya da ke jere, duk an cire musu gilashi, ta tambayi wanda ya buɗe su. Baba Dung ya ɗaga hannu kawai, domin akwai ƙananan noti uku a tsakanin leɓɓansa.

Sunansa Dung Chuwang, mutumin wani ƙauye ne kusa da Bukuru, shekarunsa saba'in da bakwai. Mahaifinsa a haƙar kuza ya ƙare rayuwarsa. Shi kuwa da gyaran janareto ya fara, har wani injiniya ya lura da hannunsa, ya tura shi Kano koyon gyaran jirgi. Ya yi shekara ashirin da shida a ƙarƙashin fukafukai ba tare da ya taɓa shiga jami'a ba. Da kamfaninsu ya durƙushe, ya biyo 'yarsa zuwa Amurka, a nan kuma aka ce masa takardunsa ba sa aiki. Bai yi gardama ba. Ya kama gyaran motocin makaranta har ya yi ritaya, suka zauna a garin Clinton shi da matarsa, Mama Chundung.

Abin da ya dawo da shi kan jirgi wani tsohon jirgin dakon kaya ne mai injuna biyu, irin wanda a gida ake kira Dakota. A wata gona aka same shi, manomi yana ajiye ciyawar shanu a ciki. 'Yan sa kai suka kwance shi gunduwa-gunduwa, suka kawo shi a manyan motoci. A cikinsu akwai tsofaffin matuƙa da sojojin sama, amma Baba Dung kaɗai ya taɓa gyara irinsa a lokacin da yake tashi. Idan suka gama duba littafi suka rasa gane inda wani ƙarfe zai zauna, sai su kira shi. Ya juya ƙarfen sau ɗaya, ya nuna wuri. Kowace Asabar yana tuƙin awa ɗaya da rabi, kuma shi ke riga kowa zuwa.

Ni Sadiyya ce. Na gama karatun injiniya bara, na yi wata bakwai ina aika takardun neman aiki daga ɗakina a Woodbridge ba amsa. Mahaifiyata ta gaji da ganina a kwance, ta ce in je in taimaka a gidan tarihin. Ranar farko ina ratsa rumfar jirage sai na ji wani dattijo yana zagin noti da Hausa, yana ce masa ɗan banza mai taurin kai. Na rusuna na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambayi 'yar waye. Tun daga nan yake kira na Injiniya, yana tsokana ta cewa da digirina ban san hagu da damar sifana ba. Ni kuma na kama kiransa Baba.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Idan ya kwance ƙananan noti, a baki yake riƙe su. Ya ce a Kano idan noti ɗaya ya ɓata, jirgi ba ya tashi sai an gano shi, ko da za a wuni ana rarrafe, shi ya sa maigidansa ya koya musu sa shi a leɓe. Raymond, wani tsohon matuƙi da ke cikinmu, ya saya masa faranti mai maganaɗisu. Baba ya gode masa ƙwarai, ya mai da shi wurin ajiye makullin mota.

Da aka zo gyaran ɗakin matuƙi, Edna na asibiti, sai aka bar mana agogunan, ni da shi. Su ne masu nuna wa matuƙi nisansa daga ƙasa da gudun jirgi da yawan mai. A zamanin da aka ƙera irinsu, ana shafa wa lambobin fenti mai sinadarin radiyom don su yi haske a duhu. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma gubar tana nan. Muddin gilashin na rufe, haɗarin kaɗan ne. Idan aka buɗe, fentin da ya tsufa yana zama gari, kuma garin ne ba a so ya shiga ciki.

Na san wannan. Mun karanta shi a shekara ta uku. Tun agogon farko na ga lambobin sun koma ruwan ƙasa, na ga garin a kan notin da Baba yake kaiwa baki. Na tashi na ɗauko safar hannu da takunkumi na sa. Na ce, "Baba, ko kai ma za ka sa takunkumi?" Ya yi dariya, ya ce to da me zai riƙe notin. Ban ƙara magana ba. A gidanmu ba a gyara wa babba. Mahaifina likita ne, amma ban taɓa jin ya musa wa yayansa ba, ko a kan magani. Na riƙa ce wa kaina wataƙila an canza agogunan daga baya, wataƙila ni ce mai yawan tsoro kamar kullum. Asabar uku muna haka. Ko saƙo ban aika wa Edna ba.

Ranar da na'urar ta yi ƙara, Edna ta sa Baba ya tofar da notin a leda, ta fitar da kowa, ta kulle ɗakin. Aka zuba kayan jikinmu a jaka, aka kai mu asibiti. Ni ba a sami kome a jikina ba. Shi kuwa an samu a yatsunsa da gashin bakinsa. Likita ta ce mai yiwuwa abin da ya haɗiya kaɗan ne kuma ya fita, amma idan ya zauna, a ƙashi yake zama, kuma yana iya jawo ciwon daji. Aka tara fitsarinsa na yini guda, aka aika wata jihar. Sakamako sai mako uku.

Na kasa cin abinci. Bayan kwana huɗu na tuƙa zuwa Clinton da rana. Mama Chundung ta zuba mini gwate, ban taɓa ba. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, na gaya musu cewa na sani tun ranar farko.

Baba ya tambaye ni ko shi ya sa na sa takunkumi. Na ce e.

Mama ta ce, "Tashi, 'yata. Ko kin faɗa ba zai ji ba. Shekara arba'in ina hana shi sa ƙarfe a baki."

Ya ce, "Ke matata ce, ba injiniya ba. Ita da ta faɗa, da na ji."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce mini "ba kome" ba. Ya ce a aikin jirgi, yaro da ya ga tsaga a fiffike ya yi shiru saboda kunyar maigida, kora ake yi, domin mutanen da za su hau ba su san da wata kunya ba. Ya ce gaisuwa da rusunawa na bakin ƙofa ne, idan an shiga rumfa ido ake so da baki. Daga baya ya ƙara da cewa shi ma ya ga na rufe fuska bai tambayi dalili ba, kuma wannan nasa ne. Ya ce in ci gwaten kada Mama ta yi fushi da mu duka biyu.

An hana shi zuwa rumfa sai an ga sakamako. Ranar Asabar da ta wuce ya kira ni sau biyu, yana tambayar ko an ɗaure ƙofar kaya daidai. Na ce Raymond ya ɗaura ƙarfe ɗaya a juye, kuma na gaya masa, ya gyara. Ya ce to.

Mama ta ce yana cin abinci, yana zuwa coci, sai dai ya rage magana. Ni ina sa shi a addu'a bayan kowace sallah. Yau kwana goma sha ɗaya da aika gwajin, kuma har yanzu asibiti ba su kira ba.